Ƙirji a Ƙarƙashin Motar Tela

A duk layin garejin nan babu wanda zai iya gaya maka ainihin sunansa. Ƙirji ake ce masa, ya kuma amsa tun yana saurayi har furfura ta cinye masa gemu. Ba wai yana da wani ƙirji na a zo a gani ba ne. In ka gan shi tsaye, gajeren mutum ne siriri, wanda ba za ka yarda ka ɗora masa buhu a kasuwa ba don tausayi. A kwance ƙarfinsa yake. Aikinsa ɗaya ne a duniya: ɗaga giyabos, wato akwatin giyar mota, ya mayar da shi mazauninsa a bayan inji.

Kwali yake shimfiɗawa a ƙarƙashin mota, ya kwanta rigingine, ya mirgino akwatin kan cikinsa, ya hau da shi ƙirji. Daga nan sai ya tura da gwiwa da tafin hannu, a hankali a hankali, har hancin akwatin, wani dogon ƙarfe mai haƙora da ke gaba, ya sami ramin kuloci ya shige. A sama kuwa, cikin motar, yayansa ne ke zaune. Shi ne mai garejin. Yakan zuro igiya ta ramin da sandar giya ke fitowa, a ɗaure wutsiyar akwatin, yana ja yana saki. Ba sa magana. Ƙirji ya yi gyaran murya, Yaya ya ja. Ya yi tsaki, Yaya ya sassauta. Mutanen layin sukan ce tsaki ne kawai yaren da 'yan'uwan nan biyu suke fahimtar juna da shi, don in sun fito fili, magana uku ba ta haɗa su sai an yi musu.

Da wannan kwanciyar ya yi aure, da ita ya kama ɗaki biyu da tsakar gida, da ita ya sa 'ya'yansa mata a makaranta, ya saya wa matarsa firijin da take sayar da ƙanƙara. Bai taɓa buɗe garejin kansa ba, bai kuma taɓa sha'awa ba. Ciniki da masu mota yana sa masa ciwon kai. Shi dai a kira shi daga garejin maƙwabta a ce giyabos ya ƙi shiga, ya naɗe kwalinsa a hammata ya tafi, mutane na ba shi hanya. Wannan tafiyar da kwali a hammata ita ce sarautarsa, kuma kowa ya san yana ji da ita.

Sai ƙaba ta fito masa a mara. Ya ɓoye ta har ta gaji da ɓoyuwa, ranar da ya faɗi a bakin famfo aka kwashe shi sai asibiti. Aka yi masa aiki aka ɗinke. Likita ya gaya masa a gaban matarsa cewa shi da ɗaukar nauyi sun yi sallama, in kuwa ya kuskura ɗinkin ciki ya ɓalle, aikin da za a sake ba zai yi sauƙin na farko ba. Matar ba ta bari maganar ta huce ba. Tun a gadon asibitin ta sa shi ya yi mata alkawari, ya yi, yana kallon silin.

Da ya koma gareji, Yaya ya sa aka ajiye masa benci a inuwa da kwanon fetur da buroshi. Aikinsa yanzu wanke noti da goge kayan da aka kwance. Yaya ya je ya sayo jak na musamman mai faranti a kai, wanda ake ɗora giyabos a ɗaga daga cikin ramin da ake shiga ƙarƙashin mota, ya damƙa shi a hannun Dogo, ma'aikacinsa, magidanci mai ƙarfi kamar bijimi. Babu wanda ya yi wa Ƙirji wulaƙanci. Abin da ya fi wulaƙanci aka yi masa, wato lallaɓawa. Ya miƙa hannu zai ɗauki batir, mutum biyu su rugo. Ya sunkuya, a ce sannu. Masu wucewa su ɗaga masa hannu su ce, "Ƙirji, ana hutawa?" Ya yi dariya ya ce ana hutawa, zuciyarsa kuwa tana tafasa.

A wannan zaman ne motar Tela ta iso, ana tura ta.

Tsohuwar jar mota ce mai ƙofa biyu da kujera biyu, doguwar gaba, gajeren baya, ta kwanta a ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera. Ta mahaifin Tela ce. Marigayin ya saye ta a ƙuruciyarsa don gudu, ɗan kuma ya gaje ta don lallashi. Tela mutum ne mai sanyi, mai tabarau a karan hanci, wanda ke goge motar da ƙyallen da ya rage masa a shago, har ana tsokanar sa cewa ta fi matarsa yawan sababbin kaya. Giyarta ta daɗe tana kuka, ranar nan ta haɗiye haƙoranta gaba ɗaya. Da Yaya ya buɗe akwatin, sai ya rufe ya ce a yi haƙuri. Irin motar an daina yin ta tun kafin a haifi Dogo, kayanta kuma ba a shago suke ba.

Tela bai yi haƙurin ba. Ya rufe shago ya shiga yawon wuraren da ake yanka matattun motoci, gari ya bi gari, har ya yi baƙi ya rame. Can a bayan wani fili ya tarar da 'yar'uwarta sak, wadda babbar mota ta murƙushe wa baya, ciyawa ta fito ta cikin kujerunta. Gabanta lafiya lau. 'Yan wurin suka kwance masa giyabos ɗin da farantin kuloci, ya ɗauko su a bayan a-kori-kura, yana zaune kusa da su yana dafe da hannu duk hanya. Da aka sauke a gareji ya ce da Yaya, in wannan ya lalace, to babu na uku, shi dai ya duba har ya gaji.

Wankewa aikin Ƙirji ne. Dogo ya dire masa akwatin a gaban benci, a tsaye, bakinsa a ƙasa cikin turɓaya, wutsiya a sama. Ƙirji ya wanke shi tas, har alminiyon ɗin ya yi fari. Saura bakin, wanda ke kife. A ƙa'idarsa ta shekara da shekaru, ba ya ɗaga akwati sai ya bi bakinsa da yatsa zagaye, ya taɓa kowane rami. Amma kafin ya ga bakin nan sai an kwantar da akwatin, shi kuwa an hana shi, kuma Dogo na can yana fama da wata bas. Ya buɗe baki zai kira shi ya juya masa, sai ya fasa. Shi Ƙirji, ya roƙi wani ya juya masa giyabos? Ya ce a ransa in an zo ɗagawa zai duba.

Washegari bas ɗin tana kan ramin, ta ƙi tashi. Jar motar kuwa tana gefe a kan kututture huɗu, kuma ko an ɗaga ta, jak da akwati a kansa ba za su shiga ƙarƙashinta ba. Yaya ya ce a jira rami, gobe ko jibi. Da hantsi aka kira Dogo ya je janyo wata mota da ta mutu a hanya. Yaya ya hau babur ya tafi sayen man giya. Garejin ya rage daga Ƙirji sai Tela, wanda ya zo tun safe ya zauna yana kallon motarsa kamar mai jinya.

Ƙirji ya dubi akwatin, ya dubi ƙarƙashin motar. Wurin daidai shi ne. Ba jak ba, ba Dogo da faɗin kafaɗarsa ba, shi.  Ya tashi ya jawo kwalinsa daga bayan benci.

Tela ya ce ba an hana shi ba? Ƙirji ya ce likitoci haka suke faɗa wa kowa, ƙaramin akwati ne, ya ɗaga uwayensa. Tela ya ce shi dai a sana'arsa ya san sabon ɗinki ba ya son ja. Ƙirji ya tambaye shi, yana son ya ji kukan motar babansa yau ko ba ya so? Nan Tela ya miƙe, don an taɓa masa inda yake da rauni. Suka kwantar da akwatin tare, suka ja shi a kan kwali zuwa ƙarƙashin motar. Ƙirji yana sauri kada babur ɗin Yaya ya dawo, bakin akwatin yana fuskantar duhu, bai ko tuna da yatsansa ba. Ya sa Tela ya shiga ciki, ya nuna masa igiya, ya ce in ya ce ja ya ja, in ya ce saki ya saki.

Mirginowa kan ciki ta zo da sauƙi. Hawa ƙirji ma haka. Nauyin ya zauna masa inda ya saba zama, warin tsohon mai ya cika masa hanci, har ya ji hawaye na neman zuwa don daɗi. Ya tura da gwiwa. Wani abu ya ɗan ja shi a mara, kamar an tsikare shi da allura, ya yi kamar bai ji ba. Hancin akwatin ya sami rami. Ya murɗa wutsiyar kaɗan don haƙora su haɗu, suka haɗu, akwatin ya zarce gaba sumul.

Sai ya tsaya. Saura faɗin yatsa ɗaya tsakanin bakin akwatin da bayan inji.

Ya girgiza, ya tura. Gefen dama ya matso, gefen hagu ya ƙi. Ya ce Tela ya ja, Tela ya ja da yawa. Ya ce ya saki, ya saki gaba ɗaya, nauyin duka ya dawo masa a hannu, allurar nan ta mara ta zama wuƙa. Ya yi tsaki, tsakin da Yaya zai gane, Tela kuwa ya leƙo ta ramin yana tambaya ko shi ya yi laifi. Gumi ya shiga idon Ƙirji. Da hannu ɗaya ya lalubo dogayen noti biyu a aljihun rigarsa, ya zura ɗaya dama ɗaya hagu, ya murɗa su zagaye biyu-uku. Suka ɗauke masa rabin nauyin. Ya kwanta yana haki, akwatin na rataye a saman fuskarsa.

Duk bakaniken da ya taɓa shiga ƙarƙashin mota ya san jarabar da ke zuwa a daidai nan. Noti ya riga ya kama, sifana tana kusa. In ka ɗaure, notin zai jawo akwatin ya rufe gibin, ka fito ka karkaɗe riga. Haka kuma duk bakanike ya san cewa giyabos da hannu yake zama, ba da noti ba. In ya ƙi, akwai abin da ya tokare shi, in ka matsa masa kuwa alminiyon ba ya lanƙwashewa, tsagewa yake yi. Ƙirji da bakinsa ya sha zagin mutane a kan wannan. Amma yau mararsa na zafi, kunnensa na kan titi yana jiran babur.

Ya ɗauki sifanar. Ya ɗaura a notin hagu ya murɗa sau ɗaya. Ya ƙara. A na ukun ya ji wani ɗan ƙara, ƙas, siriri, daga cikin ƙarfen.

Ya saki sifanar ta faɗi a kan kwali. 

Daga sama Tela ya ce, "Malam, mene ne wannan ya yi ƙara?"

"Ba komai. Riƙe igiyarka."

Ya sassauta notin da sauri. Ya zura yatsa cikin gibin yana bin bakin akwatin, abin da ya kamata ya yi tun jiya a inuwa, yana zaune. Babu tsaga, Allah ya rufa asiri, ƙarar gargaɗi ce. Can sama ta hagu yatsansa ya ci karo da abin. A bayan kowane inji akwai ɗan fegin ƙarfe da ke shiga rami a bakin akwati don ya daidaita zamansa. Fegin injin Tela yana nan a wurinsa. Amma da 'yan yankan mota suka zare wannan akwatin, fegin waccan motar ya biyo shi, ya maƙale a raminsa. Jiya ya nutse cikin turɓaya, bai gan shi ba. Fegi biyu ne suka haɗa kai, kowanne yana neman rami, ko shekara za a yi ana turawa ba za su ba juna hanya ba.

Magani ɗaya ne. A cire notin nan biyu, a ja akwatin baya, a sauke shi ƙasa, a zare fegin. Saukewa kuwa ta fi ɗagawa wuya, don nauyin gaba ɗaya yake faɗo maka lokaci guda, kuma dole ka riƙe shi a miƙe har hancin ya fita, in ba haka ba ya lanƙwasa farantin kuloci. Ƙirji ya gwada ɗaga akwatin kaɗan don ya ji ƙarfinsa. Wuƙar ta soke shi har ya ga wuta. Ya gane sarai cewa in ya cire notin nan shi kaɗai, ɗayan biyu ne: ko ɗinkinsa ya tafi, ko akwatin Tela ya tafi. Barin sa a rataye ma ba zai yiwu ba, notin da ya murɗa zagaye biyu-uku ne kawai ke riƙe da shi, ga gwiwarsa da ke tallafe da wutsiyar ta fara mutuwa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a ƙarƙashin mota. Ya tuna fuskar matarsa a asibiti, kunya ta rufe shi.

A haka ya ji babur ya tsaya.

Takun Yaya ya matso, ya tsaya daidai ƙafafunsa da suka leƙo waje. Ƙirji yana ganin takalman. Ya jira faɗa, faɗa bai zo ba. Galan ɗin mai ya sauka a ƙasa. Sai ga Yaya, da tumbinsa da ciwon gwiwarsa, ya durƙusa yana nishi, ya kwantar da kunci a ƙasa ya leƙo. Ya dubi gibin, ya dubi notin biyu, ya dubi sifanar da ke kan kwali, sannan ya dubi fuskar ƙanensa.

"Auta," ya ce. Shi kaɗai ke kiran sa haka. "Ka ɗaure?"

"Na fara. Na bari. Fegi biyu ne, Yaya. Ban duba ba."

"To. In hau in karɓi igiya, ka sauke?"

Tambayar gaskiya ce, ba gatse ba. Yaya ya bar masa zaɓi, kuma Ƙirji ya san in ya ce e, Yaya zai hau ya riƙe igiyar kamar kullum, ba zai ƙara ko kalma ba.  Gwiwarsa tana karkarwa, akwatin na karkarwa tare da ita.

"Ba zan iya ba, Yaya."

Yaya ya ɗago kai. Ya tuɓe hularsa ya ajiye a kan taya, ya kwanta, ya turo kansa ciki da ƙyar, tumbinsa na gogar ƙarfen motar. Ya sa kafaɗa da hannu biyu a ƙarƙashin akwatin, ya ɗaga murya ya ce Tela ya naɗe igiyar a hannu ya ja da duk ƙarfinsa, kada ya saki ko da wa ya ce. Ya ce da Ƙirji shi nasa noti ne kawai, kada ya taɓa nauyi. Ƙirji ya warware na dama, ya warware na hagu. Akwatin ya sauko kan Yaya, tsohon ya yi wani gurnani, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ƙirji ya riƙe hancin da yatsu yana daidaita shi har ya fita. Suka zame shi gefe ya dira a kan kwali. Suka kwanta kafaɗa da kafaɗa suna haki, babu mai kallon wani.

Da suka fito, Yaya ya sa filaya ya murɗe fegin, ya fita ba gardama, ɗan abu bai kai gaɓar yatsa ba. Tela ya fito daga motar tafin hannunsa ya yi ja, ya bi bakin akwatin da tabarau, ya bi da farce, bai ga komai ba, ya zauna a ƙasa dirshan. Ƙirji yana tsaye dafe da mara. Zafin ya ragu, ya koma bugu.

Ana haka Dogo ya dawo. Ya ga kwali, ya ga rigunan tsofaffin biyu, ya gane, ya kawar da kai. Yaya ya fara cewa a bar shi sai rami ya samu, Ƙirji ya tare shi. Ya ce Dogo zai shiga in ya saki numfashi ya kwantar da kafaɗa, ya nuna masa inda zai sa gwiwa da inda zai sa tafin hannu, ya ce ya fara bin bakin da yatsa tukuna. Ya miƙa masa kwalin. Ƙirji kuma ya buɗe ƙofar jar motar ya zauna, ya ɗauki igiyar, Yaya na tsaye a kansa yana riƙe masa ƙarshenta don kada ya ja da ƙarfi.

Daga sama ba a ganin komai sai ɗan rami da duhu. Ya ji Dogo na nishi, ya ce masa ya murɗa wutsiya. Sai ga ƙarar, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, dim. Duk rayuwarsa a haƙarƙarinsa yake jin wannan zaman, yau da kunne kawai ya ji shi, kamar labarin wani. Abin ya yi masa ciwo fiye da ɗinkin.

Kafin rana ta faɗi motar ta tashi. Tela ya zagaya layin da ita yana sauya giya ɗaya bayan ɗaya, ya dawo yana share tabarau, yana ta godiya har ya rasa wanda zai fara yi wa. Yaya ya ɗauki Ƙirji a babur, ya bi da shi a hankali yana kauce wa ramuka, ya ce gobe da safe zai zo su je likita ya duba, ba shawara yake ba shi ba.

Matarsa tana tsakar gida tana ɗaure ledojin ƙanƙara. Tun daga yadda ya tsallako ƙofa ta bar abin da take yi. Ta dubi tafiyarsa, ta dubi gaban rigarsa da baƙin mai ya ɓata. Ya tsaya yana jiran abin da ya cancanta.

"Ya shiga?" ta ce.

"Ya shiga. Ba ni na sa shi ba."

 Ta goge hannu a zaninta, ta jawo masa kujera, ta ce ya zauna ya ɗaga rigar ta gani.